Hannun da Ya Nuna Gabas

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan an yi kiran sallar Azahar, aka fara zaluntar Lado, manomi a ƙauyen Banga. Wanda ya zalunce shi kuwa Alhaji Abdulhadi ne, dillalin hatsi a Kaura Namoda, mutum mai gaggawa wanda bai taɓa yarda cewa idonsa na iya yin kuskure ba.

A farkon daminar shekarar Alhaji ya sa aka kafa masa kyamarori a kan katangar gidansa, aka haɗa su da wayarsa. Ko yana Gusau, sai ya danna ya ga ƙofar gidansa da bishiyar dogon yaron da dattawan unguwa ke zama a ƙarƙashinta. Babu wanda ya ga laifinsa, domin kowa ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Laifin ya fara ne da ya daina tambayar mutane. Ya kan ɗaga wayar ya ce, "Wannan ba ta ƙarya, ba ta barci." Ya manta cewa ba ta ji, domin hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar magana.

A ranar nan yana Gusau. Ya duba wayarsa, sai ya ga Lado tsaye a ƙofar gidansa tare da wani baƙo mai rawani wanda ya rufe haɓarsa. Baƙon ya yi magana. Lado ya waiga hagu da dama, ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar gidan Alhaji kai tsaye. Baƙon ya gyaɗa kai.

Alhaji ya tsayar da hoton a nan. Bai ƙara kallon abin da ya biyo baya ba. Ya yanke wannan ɗan guntun, ya tura shi zauren unguwa da ke waya, inda 'yan kasuwa da 'yan sa-kai suke. Ya rubuta a ƙarƙashi: "Ga infoma yana nuna musu gidana."

A wannan yanki, kalmar nan ba zagi ba ce. Hukunci ne. Kafin La'asar hoton ya kai Shinkafi, ya kai Zurmi. Washegari da hantsi wasu samari a kan babura suka shiga Banga da bindigogin gargajiya suna tambayar gidan Lado. Mai gari ne ya tsaya musu a ƙofar zaure yana ba su magana, yayin da aka fitar da Lado ta bayan danga, ya bi cikin dawa ba ko takalmi. Ya bar gero ya nuna a gona, ya bar mata da 'ya'ya.

Da Alhaji ya dawo gida, ya zauna yana nuna wa matarsa Hajiya Ummuhani hoton, yana jin daɗin kansa.

"Kin ga amfanin abin da kika ce ɓarnar kuɗi ne?"

Ta karɓi wayar ta kalla. Ta ce, "Alhaji, daga nan mi ya faru?"

"Mi kike son ya faru? Ba ki ga hannu ba?"

"Na ga hannu. Ina sauran? Ai na'urar ba ta mutu a nan ba."

Don ya rufe mata baki, ya shiga ɗaki ya kunna mata cikakken abin da aka naɗa. Ga Lado ya nuna ƙofa. Ga baƙo ya gyaɗa kai. Sai baƙon ya ɗauki butar da ke gindin dogon yaro ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya fuskanci ƙofar gidan Alhaji, ya kabbara. Lado ya tsaya kusa da shi ya bi shi.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Gabas ya tambaye shi, Alhaji. Ƙofarmu yamma take kallo. Duk wanda ya tsaya nan ya nuna alƙibla, gidanka zai nuna."

Gaskiyarta. Baƙon falke ne daga Katuru, motarsu ta lalace yana hanyar komawa don ya riski kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Lado kuma buhuna ya zo saye don girbi.

Hajiya ta ce, "Tura musu sauran yanzu, tun ba a kashe bawan Allah ba."

"In tura in ce mi? In ce ni Abdulhadi ban san mai salla da ɓarawo ba? Dariya za a yi mini a kasuwa."

"Dariya ta fi gawa sauƙi."

"Ke dai kama bakinki. Abin zai wuce."

Ya goge saƙon daga zauren a ɓoye, kamar gogewa na iya dawo da abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane. Bai tura sauran ba.

Abin bai wuce ba. Tsuntsaye suka cinye geron Lado a tsaye, domin babu maƙwabcin da ya yarda a gan shi a gonar infoma. Ɗiyarsa Kulsumu ta bar zuwa firamare, saboda yara sun daina zama benci ɗaya da ita. Shi kuma yana can wajen dangin uwarsa a ƙasar Zurmi, ba ya fita ko masallaci.

Amma Hajiya ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta faɗa wa mijinta, magana ta bazu a unguwa. Dattawan da ke zama a gindin dogon yaro suka naɗe tabarmarsu. Malam Zubairu, wanda ya fi su shekaru, ya ce, "Wurin da salla ke zama laifi, ba wurin zaman tsoho ba ne." Mai shayi ya janye teburinsa. Masu wucewa suka koma bin ɗaya gefen titi, hannuwansu a cikin aljihu.

Yanzu in Alhaji ya danna wayarsa, ƙasa yake gani da butar da ba mai taɓawa. Waɗanda a da suke tare kowane baƙo su ce masa, "Malam, wa kake nema?" duk sun tafi.

Ran nan da tsakar rana ya ga babur ya tsaya a ƙofarsa. Mutum biyu, fuska a rufe. Na bayan ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar, ya nuna katanga. Ba su nemi buta ba. Suka daɗe suna kallon kyamarar, sannan suka ja babur a hankali. Alhaji ya tura hoton zauren unguwa. Ya jira. Mutum ɗaya ne ya amsa: "Ƙila gabas suke nema, Alhaji."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Na'ura tana nuna abin da hannu ya yi, ba ta nuna dalili, kuma rabin hoto ba shaida ba ne. Gaggawa ce ta sa Alhaji ya yi kuskure, amma girman kai ne ya mai da kuskuren zalunci, ya kuma kore masa maƙwabtan da suka fi kowace kyamara tsaro. Goge saƙo ba ban haƙuri ba ne, aika buhun gero a ɓoye ma ba zai zama ba. A bainar jama'a aka ɓata sunan Lado, a bainar jama'a za a wanke shi. Abin da ya rage shi ne Alhaji Abdulhadi ya tura cikakken hoton a zauren da ya tura guntunsa. Ya je Banga da ƙafarsa ranar Juma'a, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, ya kira sunan Lado da ƙarfi yadda Kulsumu za ta ji, ya ce: "Na yi maka ƙazafi, ka yafe mini."