Kwaɗon Kududdufi da Allurar Dattawa

An yi wani dagaci a Tudun Gawo mai suna Nomau. Wata shekara shawara ta ɓulla a garuruwan maƙwabta, irin ciwon hantan nan da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa da abinci, wanda likitoci ke kira nau'in A. Aka aiko wa garin allurar rigakafi, amma ba za ta ishi kowa ba. Malamar asibiti ta ce a yi wa ƙananan yara. Dagaci ya ji abin bambarakwai, don a Tudun Gawo ko naman suna ake rabo sai an fara da mai furfura. Ya yanke cewa shi da dattawa za su fara miƙa hannu, in ta yi saura a kira yara.

Da la'asar ya biyo ta bakin tsohon kududdufi, sai wani Kwaɗo mai tumbi ya yi gyaran murya ya gaishe shi. Kafin Dagaci ya gama amsawa Kwaɗo ya shiga ƙorafi. Ya ce tun da aka haƙa rijiyar burtsatse ba wanda ya ƙara leƙo shi, shi da duk ƙasar nan ba mai murya irin tasa, an bar shi yana yi wa sauro waƙa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji za a yi maka allura. Allah ya sa kada a yi irin ta Maigari Tanimu."

Dagaci ya tambayi abin da ya sami Tanimu. Kwaɗo ya kumbura wuya ya fara.

Ya ce Tanimu maigarin Rafin Kanya ne, garin da ya sami famfo tun samarin yanzu suna goye. Da irin wannan allura ta zo musu, sai ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, aka jera dattawa bisa girma, liman gaba, sarkin noma na biye. Yayarsa Kande ta leƙo daga zaure ta ga tsofaffi sun naɗe hannun riga suna murmushi kamar za a naɗa su sarauta. Ta kira shi ciki ta ce, "Kai Tanimu, zauna in ba ka labarin Alhaji Mati, don na ga kun sha nono ɗaya."

Ta ce Alhaji Mati ya gina gida, ya sa masa ƙofar ƙarfe mai ado. Da gara ta shigo unguwa, magini ya kawo masa maganin gara ya ce a shafa wa azarar rufi. Alhaji ya ce wa ke ganin azara? Ƙofa ce fuskar gida, ita ta cancanta. Aka shafe ƙofar ƙarfe tas har tana ƙyalli, baƙi na wucewa suna yabawa. Gara kuwa ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ba ta ce wa kowa sannu ba, ta hau bango ta cinye azara. Ruwan farko na damina rufin ya zauna a kan gadonsa. Kande ta ce, "Ƙofar tana nan tsaye har yau, ba abin da ya same ta. Da ma gara ba ta cin ƙarfe."

Kwaɗo ya ce Tanimu ya yi dariya, ya ce Yaya ta tsufa, ya koma kan tabarma ya miƙa hannu. Ba a jima ba ciwon ya shigo garin ta wajen yara. Su yara ko idonsu bai sauya ba, suna ta wasansu, suna tsoma hannu a randa da ƙwaryar fura. Samari da 'yan matan da suka tashi da ruwan famfo, waɗanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da ciwon ba, su suka zube. Sammani, babban ɗan Tanimu, idonsa ya yi rawaya, ya kwanta tun shuka har girbi, gonar gidan ta zama makiyaya. Dattawan kuwa lafiya lau, suna ta yabon allura.

Kwaɗo ya dubi Dagaci ya ce, "Allurar me? Ai kududdufi ya riga ya yi musu tasu tun suna tsirara. Kai ma haka, ranka ya daɗe. A nan ka koyi iyo, a gabana ka sha ruwan nan har ka yi gyatsa. Ciwon ya shige ka kana yaro ba ka ma sani ba, wanda kuwa ya yi shi sau ɗaya ba ya ƙarawa. 'Ya'yanka da ka rena da ruwa mai tsabta su ne a buɗe, jikokinka kuma su za su kai musu shi har ɗaki."

Dagaci ya tuna 'yarsa Laure da ke ɗauke da tsohon ciki, da jikokin da ke cin tuwo a kwanonta. Ya tambaya ko ke nan gara a koma shan kududdufi. Kwaɗo ya ce shi dai da zai so baƙi, amma ko shi ba zai ba ɗansa wannan ruwa ba in da yana da wani, don ba shawara kaɗai ke ciki ba. A riƙe burtsatse, a wanke hannu, a tare ciwon a wajen yara tun bai sami mai kai shi gida-gida ba.

Dagaci ya koma gida ya aika wa malamar asibiti cewa a yi yadda ta faɗa. Da safe dattawa suka hallara cikin manyan riguna. Liman ya fara naɗe hannun riga, Dagaci ya dafa shi ya ce, "Sauke, Malam. Je ka ɗauko jikanka."