Lamba ko Lambu

An yi wani mutum a wani gari na bakin gulbi, tsohon soja, ana ce masa Kofur Barau. Ya je yaƙi ƙetaren teku yana saurayi, ya dawo da ɗingishi da lambar yabo guda ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganinta a ƙirjinsa. A cikin gwangwanin irin albasa yake ajiye ta. Shekara arba'in wannan bawan Allah yana jan jigo, yana ban ruwa a lambu ɗaya. Duk shekara in an cire albasa, ta fangalin farko ba ta zuwa kasuwa. Sai ya ɗaure ta a buhu, ya kai zauren wata tsohuwa, Iya Kande, ya ajiye ya juyo. 'Ya'yansa biyu, Ɗantani da ƙanwarsa Lantana, sun ɗauka sadaka ce.

To, ku saurara. Ranar da zai cika, da hantsi, 'ya'yan suna zaune a kansa, ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ku mayar wa Kande lamb..." Numfashi ya yanke sauran. Daga nan kalmar shahada kawai aka ji.

Bayan sadakar uku Lantana ta ce, "Yaya, lamba ya ce. Da kunnena na ji."

"Ni kamar lambu na ji."

"Ai kai ma kamar ka ce. Wa zai ba da lambu ya bar jikoki tara? Kai mata ƙarfen nan mu huta."

Ɗantani ya tafi lambun ya zauna gindin jigo. Ya faɗi lamba, ya faɗi lambu, ya yi ta faɗa har kalmomin suka daina yi masa kama da Hausa. Abin da ya ba shi tsoro shi ne, duk lokacin da ya dubi tukunyar gidansa, sai ya tuna sarai cewa lamba aka ce.

Ranar Laraba ya sa lambar a aljihu ya tafi wurin Iya Kande. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, Baba ya bar saƙo, amma rabinsa muka ji." Ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba.

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Barau ke nan. Tun yana yaro ba ya gama magana."

Ta ce mijinta Mati tare suka tafi yaƙi, shi bai dawo ba. Lambun na Mati ne. Ta ba Barau kyauta, ya ce shi dai aro ya karɓa. Lambar kuwa sau uku yana kawo mata, wai Mati ne ya ɗauko shi daga rami a bayansa, sunan da aka rubuta kuskure ne. Sau uku tana korarsa.

Ɗantani ya zo neman amsa ɗaya, sai ga shi da biyu. Ya ce, "To Iya, wanne yake nufi?"

"Ni ina wurin? Kai da kake zaune a kansa ba ka ji ba."

Ɗantani ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro lambar ya ajiye a tabarmarta, ya ce, "In aro ne, ba gado ba ne. Gobe zan kwashe kayan aikinmu." Bai san abin da zai gaya wa Lantana ba. Bai san abin da yara za su ci baɗi ba.

Iya Kande ta ɗauki lambar ta shinshina. "Warin albasa take yi." Ta ƙulle ta a bakin zaninta. "Wannan na karɓa, tunda mai gardamar ya tafi. Lambu kuwa, na ba uba ya ƙi, ɗa ma zai ƙi? Je ka kira mini liman da ƙanwarka, a shaida kyauta ce. Na gaji da taurin kan gidanku."

Aka shaida. Duk da haka, da aka cire albasa, ta fangalin farko ta isa zauren nan. Har Ɗantani ya koma ga Allah bai san abin da mahaifinsa ya faɗa ba.

Jama'a, abin lura shi ne wannan. Uban bai riƙe abin wani ya kira shi nasa ba, ko da an ba shi. Ɗan kuma, da magana ta zo masa da fuska biyu, bai zaɓi wadda za ta ciyar da shi ba. Kowannenmu akwai rabin maganar da ya ji, a kan gona, a kan iyaka, a kan amana. In ka ga kunnenka kullum abin da zai amfane ka yake ji, ka tuhumi kunnen. Ka tashi ka je ka tambayi mai abu tun yana da rai. Allah ya sa mu cika ba haƙƙin kowa a hannunmu.