Ranar da Kura Ta Zo Ta Ɗaya

Gatanan gatananku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Ranar Talata, tara ga Satumba, ƙarfe shida da kwata na safe, Kura ta fara koyon gudu. Ba nama take nema ba, abokan hira take so. Amma da ta biyo bayan masu motsa jiki, sai su ƙara wuta.

Ta ce, "Ke Barewa, ku jira ni mana! Numfashina zai ɗauke!"

Barewa, ko waiwaye babu, ta ce, "Yaya Kura, ai haka horon yake!"

Da lokacin tsere ya zo, Kura ta zaɓi na bakin tafki, mai furen bado. Ta ce, "Ku ba ni gaba, ku biyo ni a hankali, mu sha kallo tare."

Suka ce, "Madalla!"

Aka busa ƙaho. Ta zura da gudu tana ƙyaƙyata dariya, tana cewa, "Kun ga bado? Kun ga shamuwa?" Su kuwa tuni sun juya, sun yi gida.

Ta zo ta ɗaya. Waɗanda suka rage a wurin su ne Kura, da inuwarta, da Kunkuru alƙalin tsere, wanda tun safe yake ƙoƙarin guduwa, ita kuwa tana gefensa tana ba shi labarin bado.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.