Teburin da Aka Shafe Wa Fuska Ɗaya

A wani gari akwai wani tsohon kafinta, ana ce masa Baba Haggai. Shekara talatin yana aiki, ba a taɓa dawo masa da kaya ba, sunan nan kuwa shi ne dukiyarsa. Yana da katakon maɗaci da ya jingine a inuwa shekara uku yana bushewa, ko kaza ba ya bari ta hau kai. Wata rana wani dattijon ikilisiya, mutum mai son a gan shi, ya zo ya ce a yi masa teburin cin abinci da katakon nan.

Baba Haggai ya yanka, ya haɗa, ya goge da sanfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, har tafin hannu yana santsi a kai. Sa'an nan ya ce wa dattijon mai zai shafa, irin wanda katako ke sha ya ratsa ciki.

Dattijon ya ɗaga hanci. "Mai? Sai ka ce ƙosai za a soya? Banish nake so, Baba, mai ƙyalli, wanda in baƙo ya sunkuya zai ga haƙoransa."

To, mai kaya ya zaɓa. Baba Haggai ya shafa banish sau uku, kowane shafi sai ya bushe ya goge kafin ya ƙara wani. Ranar da zai kife teburin ya yi wa ƙasansa haka, sai ga dattijon da mai kurar ɗaukar kaya.

"Dattijo, saura ƙasan. Ka ba ni kwana huɗu."

"Ƙasan me? Wa ke leƙa ƙarƙashin tebur? Kyanwa?"

"Damina tana leƙawa," in ji Baba Haggai.

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ɗora. Tsohon ya bi kurar da kallo, ransa a ɓace.

Damina ta sauka. Wata ranar kasuwa, bakin shagon cike da mutane, sai ga kurar nan ta dawo. Teburin ya lanƙwashe kamar kwalekwale, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Dattijon yana biye, yana ihu tun daga nesa.

"Jama'a, ku zo ku ga aikin maƙaryaci! Sabon fasto na gayyata gidana, bawan Allah! Ya dafa teburin nan zai sa albarka, ‘Ya Ubanmu’ kawai ya ce, tebur ya tuntsure, miyar kuka ta wanke masa wando har takalmi! Ɗanyen katako tsohon nan ya sa mini!"

Ɗanyen katako! Maɗacin da ya yi reno shekara uku! Baba Haggai ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ga mutane sun fara kallon kujerun da ke shagon suna taɓe baki, wata mata da ta zo karɓar benci har ta ja da baya. Baba Haggai ya matso. Ya kama teburin, ya kife shi a gaban kowa, ƙafafu sama. Ga ƙasan nan tsirara, fari fat, ya sha raɓa ya kumbura, har fumfuna ta fara fita.

"Sama a rufe, ƙasa a buɗe," in ji shi. "Danshi ya shiga ta inda aka bar masa, gefe ɗaya ya kumbura ya ja ɗayan. Kwana nawa na roƙe ka, Dattijo?"

Dattijon ya hau gyaran hula. Mai kura ne ya amsa: "Huɗu. Ina tsaye a wurin."

Matar nan ta matso, ta ɗauki bencinta, ta juya shi ta duba ƙasan. Yana sheƙi kamar saman. Ta aza a ka ta tafi.

Ga ma'anar misalin, kada wani ya ce da maƙwabcinsa ake. Teburin nan mu ne. Saman shi ne ran Lahadi: a shigo ana rangaji, murya kamar zuma, "Salama, 'yar'uwa! Kai, Ubangiji ya yi mana alheri!" Ƙasan kuwa shi ne gida ran Litinin, inda bakin nan dai yake cewa, "Ke, dabbar ina ce ke? Ɗauke mini kwanon nan!" Addu'a a majami'a sai an ja maka riga, a ɗaki kuwa ko amin babu. Damina ita ce gwaji, ba ta kuwa shiga ta wajen da ka shafe. In rayuwa ta karkace kuma, sai mu ɗauko ta mu kai ƙarar Mai yin ta, wai bai iya aiki ba. Abin haushi! Shi da ya ce ka tsaya bai gama da kai ba, kai ka kira kura.

Kafin hadari ya haɗu, kowa ya koma gida yau ya kife teburinsa ya duba.