Wanzamin da Yake Ajiye Aska da Azahar

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai ganuwa, zamanin da ake yaƙi da kwari da baka. Korau sunansa, wanzami ne. Da abokan gaba suka kewaye garin, shi da amininsa Jatau kaɗai suka iya cire kibiya daga jikin mutum. Kullum zaurensu cike yake da nishi da ƙarnin jini.

To, ku saurara. Da an yi azahar, Korau sai ya wanke hannu, ya ajiye aska, ya ci abinci, ya kwanta har la'asar. Mutanen gari suka yi ta zaginsa, wai ba shi da imani. Jatau kuwa ba ya ci, ba ya runtsawa, ana ta sa masa albarka. Korau ya sha roƙonsa ya huta, shi kuwa ya ce kunyar jama'a ba za ta bar shi ba.

Ran nan da azahar wata mata, Kande, ta kawo ɗanta tilo, kibiya a cinya. Korau ya duba, ya ga babu dafi, ya ɗaure wurin. Ya ce, "Baiwar Allah, kibiyar nan tana daf da jijiya, ni kuma hannuna ya fara rawa. Zai iya jira. Ki bar ni zuwa la'asar."

Ta tofa masa yawu a fuska. Wallahi abin ya yi masa ciwo, amma sai ya goge. Ta sa aka kai ɗan gaban Jatau. Korau ya roƙe shi ya dakata, ina! Jatau bai iya jure kukan uwa ba. Idonsa jajir, ya sa aska, hannu ya goce, jijiya ta tsinke. Kafin a kira la'asar ɗan nan ya cika.

Jatau ya jefa askarsa a rijiya, bai ƙara taɓa mai rauni ba. Ya koma zaman gindin bango. Aiki duk ya dawo kan Korau, ya riƙe shi har yaƙi ya ƙare. Kullum da azahar yakan ɗauki ƙwaryarsa ya je su ci tare da Jatau, sannan ya kwanta. Kun san wa ke tsare masa ƙofa? Kande. Duk wanda ya zo da hayaniya sai ta ce, "Ku bar shi ya yi barci. Ni na san abin da na binne."

Jama'a, hutu ba rashin tausayi ba ne. Ku masu jinya a wannan zamani na tashin hankali, jikinku amana ne: ku ci, ku yi barci, ku leƙa abokin aikinku kafin ya karye. Ku kuma da kuke yabon wanda ba ya hutawa, ku ji tsoron Allah. Irin yabonku ne ya hana Jatau ajiye aska.