Kwalbar Ruwan da Farfesa Ya Cire

Akwai wani ɗalibi a sashen bayokemistiri, wato ilimin sinadaran jikin halitta, wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Farfesa. Gaskiya yaron yana da ƙwaƙwalwa, abin da ya karanta sau ɗaya ya zauna ke nan. Amma girman kansa ya yi yawa, irin wanda in ka zauna da shi sai ka ji hannunka yana ƙaiƙayin mari. Ga shi da saurin fushi, abu kaɗan ya hau sama.

Tun ranar farko shugaban sashen ya zayyana musu sharuɗan samun digiri. Sai an ci kwasa-kwasan kemistiri da lissafi da ilimin ƙwayoyin halitta. Sai an yi kwas ɗin gwaje-gwaje a lab, wato ɗakin gwajin kimiyya, kowace shekara. A ƙarshe kuma kowa ya yi binciken kammalawa da hannunsa. Farfesa ya yarda da komai ban da lab. Wai shi za a sa wa farar riga ya tsaya wanke kwalabe?

Bibbiyu ake aiki a lab ɗin, rahoto ɗaya ake miƙawa, maki ɗaya ake samu. Aka haɗa shi da wata yarinya mai sanyin hali da ake kira Doguwa.

"Ke ki kama aikin hannu, ni zan rubuta rahoto," in ji shi. "Ni ne kai, ke ce hannu."

"Haba Farfesa, ka riƙa taɓawa mana. Wata rana kai kaɗai za ka tsaya."

"In na tsaya ni kaɗai sai me? Abin da yatsu ke yi ne zai gagari kai?"

Haka suka yi ta tafiya har shekarar ƙarshe. Ita tana awo tana zubawa, shi yana jingine da taga da littafi, in malami ya gifta ya ɗauki wata kwalba ya ɗaga ta sama yana tsuke ido. Rahoton nasa kuwa ba a magana, maki sai mai kyau. Babansa, wanda tela ne, tuni ya gwada shi ya yanka masa kayan da zai sa ranar yaye su, kuma duk wanda ya shigo shagon sai ya nuna masa.

Da aka zo binciken kammalawa, aka raba kowa da abokinsa. Nan fa ido ya raina fata. Farfesa ya zubar da wannan, ya ƙona wancan, malamar da ke duba aikinsa ta dawo da shi baya har ya gaji. Bai taɓa cewa laifinsa ba ne. Kayan aikin ne tsofaffi, malamar ce ba ta son shi.

A lab ɗin akwai wani inji guda ɗaya tak mai juya kwalabe da gudun tsiya, har abin da ke da nauyi ya kwanta a ƙasa ruwa ya taso sama. Duk wanda ya taɓa loda shi ya san ƙa'idarsa: kowace kwalba sai an sa mata wata mai nauyinta daidai a ramin da ke fuskantarta, ko da ta ruwa ce. Wata rana Doguwa ta sa kwalbarta, wadda ke ɗauke da sinadarin da ta kwashe watanni tana tacewa daga 'ya'yan wata itaciya. Ta auna ta ruwa ta sa a gabanta. Kafin ta danna, malaminta ya leƙo ya kira ta ofis.

Sai ga Farfesa ya shigo yana huci, yanzun nan malamarsa ta wanke shi tas. Ya buɗe injin, ya ga kwalbar ruwa, ya ja tsaki.

"Wane sakarai ne ya manta da ruwa a nan? Mutane na layi, su suna wasa!"

Ya zare ta ya dangwarar a kan tebur, ya tura tasa kusa da ta Doguwa, ya rufe, ya murɗa gudun har ƙarshe.

Injin ya fara gurnani, sannan ya kama rawa yana tafiya a kan tebur kamar mai farfaɗiya. Kafin wani ya kai ga soket sai aka ji ƙara, ƙarfen tsakiya ya karye. Da aka buɗe, ba komai sai garin gilashi da ruwa mai kumfa.

Doguwa ta shigo da gudu. Ta dubi injin, ta dubi kwalbar ruwanta a kan tebur, sannan ta dube shi. Ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya sai ranar.

"Kai ka cire ta? Kai? Shekara nawa ina yi maka bauta kana tsaye bakin taga! Ga kan nan, Farfesa, ga shi nan a cikin inji, sai ka kwashe!"

"Ai ruwa ne kawai," ya ce, shi ma da fushinsa, amma muryar ta shige ciki.

A gaban kwamitin sashen, shugaban ya tambaye shi yadda aka yi wanda ya ci kwas ɗin lab kowace shekara bai san amfanin kwalbar ruwa ba. Farfesa ya fara zuba lissafin gudun injin da ka. Shugaban ya buga tebur.

"Ba hadda na tambaye ka ba! Sau nawa ka taɓa loda shi?"

Nan asirin Farfesa ya tonu. Aka soke masa kwasa-kwasan lab gaba ɗaya, aka ce ya koma ya sake su daga tushe. Doguwa ma ba ta tsira ba, aikinta ya tafi, ga laifin rufa masa asiri, dole ta ƙara shekara.

Da ya isa shago ya faɗa wa babansa, tsohon ya tsayar da keken ɗinki. Farfesa ya soma cewa injin ne tsoho.

"Rufe min baki!" in ji baban. "Kai ka ga abin da ka shuka. 'Yar mutane fa? Ita me ta yi maka?"

Ya miƙe ya sauke kayan nan daga inda ya rataye su, ya naɗe, ya cusa a ƙasan tebur cikin ƙyallaye. Ya koma kan kekensa bai sake kallon ɗan nasa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu sharaɗin karatu da aka sa don ado. Kwas ɗin da ka raina, ka ɗora wa wani, yana nan yana jiran ka a gaba, kuma ranar da ya kama ka ba kai kaɗai zai kayar ba, har da wanda ya taimake ka da wanda ya sa rai a kanka. In an ce ka yi da hannunka, ka sauke kai ka yi da hannunka.