Kafaɗar Tanimu Mai Kalangu

To, ku matso kusa, ta yau ba ta Gizo ba ce. Magana zan ajiye muku, in na ajiye kuwa ba ni ɗaukewa, ku za ku raba gardamar.

A wani gari an yi wani makaɗin mahauta, sunansa Tanimu. Shekara talatin yana rataye da kalangun da ya gada wurin ubansa. In ya matse shi a hammata ya buga, ko kurma ya san an yi yanka a kasuwa. Kwatsam sai hannunsa ya fara mutuwa, makaɗi, wato sandan bugun, na suɓuce masa ana tsakiyar kiɗa. Aka kai shi babban asibiti a birni, likitoci suka ce ƙashin wuyansa ne ya danne jijiya. Suka yi masa aiki, suka haɗe ƙasusuwa biyu da ƙarfe, suka sallamo shi.

Wuya dai ya yi sauƙi. Amma kafaɗar hagu, wadda ke ɗaukar maratayi, ta ce ba ta san zancen ba. Zogi kamar an ɗora mata garwashi, hannu ba ya ɗaguwa ko zuwa kunne. Kalangu na rataye a bangon zaure, Tanimu na zaune ƙarƙashinsa yana kallo. Ranar kasuwa in ya jiyo wani baƙon makaɗi yana yi wa mahautansa kiɗa, sai ya sunkuyar da kai, yatsunsa na bugun gwiwa su kaɗai. Wallahi ciwon bai ci shi ba kamar yadda kewar nan ta ci shi. Har abinci ya daina shiga.

'Yan uwa suka taru suka ce ai kafaɗar ce ta goce, suka kira maɗori. Kun dai san aikin maɗori: a danne mutum, a ja, a murɗa har ƙashi ya ce ƙas. Har an kwantar da shi, ƙarti biyu sun riƙe, sai ga yayarsa Yalwa mai daddawa, wadda ta yi jinyarsa a asibiti, ta ji da kunnenta likita na gargaɗin kada a ja wuyan. Ta watsar da ƙwaryar tallan, ta faɗa kansa ta rufe shi. Ta ce, "Duk mai son taɓa wuyan nan, ya fara karya nawa!" Aka ce ta raina manya, ta ce i, ta raina. Washegari ta sa shi a mota ta mai da shi birni. Likita ya riƙe baki, ya ce da an ja, da sai dai a riƙa juya shi a tabarma har ƙarshen ransa. Ya ce jijiyar da ta daɗe a danne ce ke farfaɗowa, kafaɗar kuma ta sandare don rashin motsi, sai an bi ta a hankali.

A hankalin nan a baki yake da sauƙi. Masu gashin ƙashi suka nuna wa matarsa Dije yadda za a yi. Safe da yamma ta gasa kafaɗar da tsumma mai ɗumi, ta tsayar da shi gaban bango, yatsunsa su yi ta hawa kaɗan-kaɗan, inda suka tsaya ta ja layi da gawayi. Yau layin ya hau, gobe ya sauko. Ya yi mata tsawa, ya rantse ya bari, ita kuwa sai ta ce, "Malam, in mun gama ka yi faɗanka, yanzu dai ɗaga." Wata bakwai suna haka, har layin gawayi ya wuce kansa.

Hannu ya ɗagu, Tanimu ya rataya kalangu da murna. Maratayi na sauka gindin wuya, zogi ya dawo sabo, ya zauna daɓas yana hawaye. Ya ce shi kenan, a kai wa amininsa Sallau baduku ya sake wa kalangun fata, a miƙa wa baƙon makaɗin. Sallau ya karɓa ya ƙi miƙawa. Kwana arba'in yana yanka fata yana ɓatawa, har ya ɗinka wani maratayi da ba a taɓa gani ba, wanda ya zagaye ƙirji da ƙugu, nauyi ya sauka a kwankwaso, babu abin da ya taɓa kafaɗa. Mutane suka yi ta dariya, wai ya yi wa Tanimu majanyin goyo. Sallau ya ce, "In ma goyon ne, ai ɗansa ne."

To, a gidan su Tanimu akwai al'ada. Makaɗin da ya tashi daga doguwar jinya ba ya wucewa kasuwa kai tsaye. Ƙofar gida zai tsaya ya fara buga taken wanda ya tashe shi, taken nan kuma 'ya'ya da jikoki za su gaje shi suna bugawa. Mutum ɗaya tak ake yi wa.

Ga Yalwa tsaye, rabonta da jin kalangun nan ya kira sunanta tun ubansu na da rai. Ga Dije bayan ƙyauren zaure, shekara ashirin da shida mijinta na wasa mutanen gari, ita bai taɓa ba, wai kunya. Ga Sallau can gefe yana wasa da basilla, wai shi ba ruwansa, alhali kunnensa ya fi na kowa tashi.

Tanimu ya matse kalangu, ya ɗaga makaɗi, idonsa ya cika da ƙwalla, ya kasa saukewa. Ba don Yalwa ba, da babu mai tashi tsaye. Ba don Dije ba, da babu hannun ɗagawa. Ba don Sallau ba, da kalangun na hammatar wani.

To jama'a, hannun bawan Allah ya fara gajiya a sama, kada ku bar shi haka. Taken wa zai buga?